Saja Malamin Iyo

Babanmu ya rasu yana da shekara casa'in da uku. Ni ce autarsa, ma'aikaciyar jinya, kuma a hannuna ya ƙare rayuwarsa.

Duk unguwa Saja ake ce masa, har Ummanmu ma in ranta ya ɓaci. Ya shiga soja yana ɗan shekara goma sha tara, aka sa shi cikin masu haɗa gada, waɗanda ke faɗawa kogi da igiya a ƙugu kafin sauran su tsallaka. Can ya koyi iyo, ba da son ransa ba. Ya ce wani kofur ne ya hankaɗa shi daga kwalekwale, ya ce su haɗu a gaɓa. Ya je yaƙi, ya dawo da tabo a cinya da kunnen hagu a toshe. Bai taɓa ba mu labarin yaƙin ba. In aka matsa masa sai ya ce ruwan wurin akwai sanyi, ya kawo wata magana.

Da ya bar soja ya sami aikin kula da sito a masaƙa. Bayan gidajen ma'aikata akwai wani tsohon rami da aka fasa dutse, wanda ke cika maƙil da damina. Wata shekara ya ci yara biyu a mako guda, kuma Baba ne ya nutsa ya ɗauko gawar na biyun. Kwana uku bai ci abincin kirki ba. A na huɗu ya goge takalminsa ya tafi ofishin manaja, ya nemi a ba shi kwamin ninƙaya na kulob ɗin manyan ma'aikata, wanda ya daɗe ba mai shiga sai kwaɗi. Manaja ya ce zai duba. Baba ya riƙa komawa kowace Litinin, ya tsaya ƙyam a bakin ƙofa, har aka miƙa masa makulli don a huta da shi.

Shi ya kankare gansakuka da hannunsa, ya liƙe tsagar bango da siminti. Ya kafa dogon benci a bakin kwamin. Duk wanda ya zo koyo sai ya kwanta rub da ciki a kan bencin nan yana wutsil-wutsil da hannu da ƙafa, Baba na ƙirga masa: ɗaya, biyu, numfashi. Sai ka yi mako a kan katako kafin ka taɓa ruwa. Yara sun zo, direbobi sun zo, har da wani tela mai tumbi da ya shekara biyu kafin ya yarda ya saki bakin kwami. Wanda ya kawo uzurin ciwon kai ko mura, Baba sai ya juya masa kunnen hagu.

Da iyaye suka ƙi turo 'yan mata, sai ya samo wata malamar firamare ya koya mata a kan benci a tsakar gidanmu, Umma na gefe tana dariya har da hawaye. Malamar ta karɓi 'yan mata ranar Asabar da safe, shi kuwa ya zauna a bayan katanga yana ɗaga murya da ƙirge. Kowace shekara yana shirya gasa. Kofi ɗaya ne tal, wanda ya ci ya riƙe shekara guda ya dawo da shi. Biyu daga cikin ɗalibansa sun yi nisa har an nuna su a talabijin, amma abin da ya fi faɗa da alfahari shi ne ramin dutse bai sake cin kowa ba. Ko da masaƙa ta rufe, shi ya tara mutanen unguwa suka riƙe kwamin. Umma takan ce ita dai ta san kifi ta aura.

Bayan rasuwar Umma ya dawo gidana da zama. Yana da shekara tamanin da biyu, wata safiya yana cikin ruwa yana nuna wa wasu yadda ake juyawa, sai jikinsa ya saki. Wani direban tanka, tsohon ɗalibinsa, shi ya faɗa da kayan jikinsa ya fito da shi. Ina bakin aiki aka shigo da Baba ɗakin gaggawa, leɓɓansa sun yi fari, ruwa na ɗiga daga gadon. Na ga irin wannan sau ba adadi, amma ranar sai na miƙa wa abokiyar aikina allurar.

Ya farfaɗo. Da aka sallame shi, yayanmu babba ya ce ni ce mai ilimin abin, in yanke abin da na ga ya dace. Na zare makullin daga aljihun wandon Baba na kai wa direban, na ce ya ci gaba da kula da wurin.

Washegari Baba ya laluba bai ji shi ba.

"Auta, ina makullina?"

"Na bayar, Baba. Ka gama shiga ruwa."

Ya juyo mini da kunnen dama, mai ji, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "To. An ba da oda."

Bayan mako uku muka koma asibiti. Baba na zaune a baranda, likita ya kira ni ciki ya ce zuciyarsa lafiya lau take. Sabon maganin hawan jini ne ya yi masa ƙarfi, kuma an riga an sauya shi. Ya ce zai iya komawa iyo muddin akwai wani a kusa, hasali ma ruwan zai taimaki gwiwoyinsa. Na fito, Baba ya tambaye ni me aka ce. Na ce an ce ya ci gaba da hutawa.

Na gaya wa kaina wata ɗaya kawai zan ƙara. Amma na ji daɗin zuwa aiki hankalina kwance, ba na zabura in an turo gado. Wata ya zama shekara.

Bai taɓa yi mini gardama ba. Ya zauna a kujerar falo kusa da taga, rediyo a manne da kunnen dama. Direban kan zo neman shawara, Baba ya kwatanta masa da hannu a iska. An sha gayyatarsa kallon gasa, ya ce shi bai iya zama a gefe ba. Gwiwoyin suka ƙage. Ya kama sanda, daga baya ya koma keken turawa. Ina gani, kuma na san dalili. Da ya kai casa'in ya roƙe ni in kai shi kwamin ko ƙafa ya tsoma. Na ce sai na sami hutu, na ce sai sanyi ya wuce, har ya daina tambaya.

Wata la'asar ina shafa masa man zafi a gwiwa, na kasa ci gaba da riƙe maganar. Na faɗa masa duk abin da likita ya ce, kaina a sunkuye. Ya tambaye ni shekara nawa ke nan. Na ce goma da wani abu. Ya ce suna da yawa, ya sa na tura shi ɗaki.

Kwana biyu ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. A na uku, ina ba shi magani, ya riƙe hannuna.

"Tsoro kika ji, Auta. Na san tsoro, ba baƙona ba ne. Amma da kin faɗa mini, sai mu ji shi tare."

Na kira direban a take, muka shirya kai shi ranar Asabar, maza biyu su riƙe shi a wurin da ba zurfi. Ana jibi za mu tafi, injin famfon kwamin ya ƙone, aka zubar da ruwan don gyara. Kafin a sake cika shi Baba ya kwanta, bai kuma tashi ba.

Mutanen da suka zo ta'aziyya sun cika layinmu har bakin titi: masu furfura, mata da jikokinsu, telan nan ana riƙe da shi. Kusan kowa sai ya tsaya a gabana ya ce na riƙe Saja da kyau, ba don ni ba da bai kai wannan shekaru ba, Allah ya ba ni masu yi mini. Ina amsawa da amin.

Yaya kaɗai na gaya wa gaskiya, bayan mutane sun watse muna naɗe tabarmi. Ya ce da shi ne ma haka zai yi. Na san ya faɗa ne don in sami sauƙi, domin bai ɗago ya dube ni ba.