Shida da Tara a Jikin Bututu

Shekara ashirin da bakwai ke nan, kafin motar ma'aikata ta gama tsayawa Baba Shida ya riga ya diro. Ya faɗa rami, ya shafa bakin bututu da tafin hannu, ya kankare tsatsa, sannan ya rufe fuska ya kunna wuta. Shida ba sunan yanka ba ne, lambarsa ce. Kowane mai walda yakan rubuta lambarsa da fenti kusa da haɗin da ya yi, don in an ɗauki hoton cikin ƙarfen aka ga tsaga, a san wanda za a kama.

Tun da ƙasa ta ƙudiri aniyar barin itace da baƙin mai ta koma gas, layin bututun gas sai ƙara tsawo yake, kuma mai duba hoto ya shaida sau ɗaya tak aka taɓa yanke haɗin Shida. Kai ne mai hannun da ba ya rawa, Baba.

Wannan hannu shi ya hana Tara sakat. Tara, mai lamba tara, abokin raminsa ne, tare suka fara, tare suka ƙone yatsu, amma in baƙi sun zo ganin aiki, wajen haɗin Shida ake kai su. Ɗinkinsa a jere kamar kitso, na Tara kuwa sai a hankali. Har a gida ba a bar shi ya huta ba, don matarsa ta taɓa ce masa, "Ka riƙa kallon yadda Shida yake yi mana." Kwana biyu bai kula ta ba. Kishi dai tsagwaronsa, ba a saka ruwa ba.

Wata shekara Tara na ɗauke da gargaɗi biyu, na uku kora ce. Hoto ya nuna tsaga a haɗinsa. Mai dubawa ya tsaya ta ɗaya gefen bututun, ya karanta lambar a juye, tara ta zama shida. Tara na tsaye, ya gani, ya ja bakinsa ya yi gum. Abin kunyar ma, daɗi ya ji. Shida ya dubi lambar, ya dubi ɗinkin, ya ce a miƙo masa injin yanka.

Sai makon jiya, ranar da Shida ke ajiye aiki, Tara ya tare shi a bayan ɗakin kaya.

"Yaya, haɗin nan da aka yanke, nawa ne."

"Na sani. Ai in ka zo ƙasan bututu sauri kake yi."

"To me ya hana ka magana?"

"'Ya'yanka biyar a lokacin. Kuma bututun gyara yake nema, ba mai laifi ba."

Tara ya rasa inda zai sa kansa. A walda an fi shi, a halin kirki ma an fi shi, ina zai kai wannan haushi?

Baba, kai ne ka ɗauki tabon wani shekara goma sha ɗaya ba ka ko yi tari ba. Mun gode, Baba Shida, Allah Ya ba ka hutu mai daɗi. Masu tasowa a layi, ku koyi hannunsa, ku haɗa da riƙon bakinsa.

Tara kam washegari ya shiga ofis ya faɗi gaskiya, aka dakatar da shi mako biyu, aka goge laifin daga takardar Shida. Ya fito yana share ido yana mita: "Shi ke nan, yanzu ko laifin nan guda ɗaya ma ba shi da shi."