Rakiyar Jirgin Lilo

Maiɗakina, Allah ya jiƙanta, ba mai hayaniya ba ce. A benen da muke zaune a titin Grand Concourse na unguwar Bronx akwai maƙwabtan da suka shekara ba su san muryarta ba. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, ta fita da sassafe, ta dawo bayan la'asar ta ɗora tukunya. Amma duk shekara, washegarin ƙaramar Sallah, sai ta zama wata mata daban. Kafin in gama shan koko tana bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, ita da 'yarmu, suna jirana. Mu shiga jirgin ƙasa na layin D mu zauna har inda layi ya ƙare, can bakin teku a ƙasan Brooklyn, inda wuraren wasa suke.

Abu guda ke kai ta, shi ne jirgin lilo. Dogo ne na ƙarfe mai jan fenti, an lanƙwasa shi sama da ƙasa a kan dogayen ƙafafu, da 'yan taragu buɗaɗɗu masu kujeru bibbiyu. Sarƙa ta ja su a hankali tana ƙas-ƙas har ƙololuwa, daga nan ta sake su, kowa ya kama kiran uwarsa. Ba shi ne babba a bakin tekun ba. Yana cikin wani ƙaramin fili ne a gefe, samari ma raina shi suke yi. Ita kuwa shi ta zaɓa, kuma kujerar ƙarshe ta hagu take so. Tana cewa na gaba kallo suka zo, na baya ne ke shan tafiyar. Sai ta ɗaure mayafinta tamau, ta cusa bakinsa cikin riga, ta miƙo mini jaka da takalma. Daga ƙasa ina jin dariyarta a cikin ihun mutane, dariyar da ba na ji a gida.

Ni ban taɓa hawa ba. Direban tasi ne ni, na yi shekaru ina kutsawa cikin cunkoson Bronx ban ji ɗar ba, amma abin da ba shi da sitiyari a hannuna, ba shi da birki a ƙafata, ban yarda da shi ba. Duk lokacin da ta sauko sai ta ce in zo in ɗana ko sau ɗaya ne, in zauna a kujerarta in ji abin da take ji. In ce sai baɗi. Ta ce baɗina ya fi na kowa nisa.

Har tarihinsa ta sani. Wani tsoho da ta yi jinya, wanda ya yi aikin irin waɗannan wurare yana saurayi, shi ya ba ta labari. Wai a Turai aka ƙera shi, ya yi ta yawo a bayan motoci gari-gari yana bin bukukuwa kamar ɗan koli mai bin kasuwanni. Daga baya aka kwance shi aka ɗora a jirgin ruwa, aka kafa shi a bakin wani tafki a arewacin ƙasar nan. Wurin ya mutu, aka sayar da shi kudu. Can ma bai daɗe ba aka kawo shi nan. Duk inda ya sauka sai a sake masa fenti da suna. Wata rana ta ja ni jikin wata ƙafarsa inda fenti ya ɓantale, ta nuna mini da farce: ƙarƙashin jan akwai shuɗi, ƙarƙashin shuɗin akwai ruwan ɗorawa. Ta ce ya fi mu yawon duniya, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa takardun zama.

Ta rasu cikin hunturu bayan gajeriyar jinya. Ba zan tsawaita a nan ba.

Da Sallah ta zagayo, yarinyar ta tambaye ni ko za mu je. A lokacin ta shiga makarantar koyon jinya, ta zama babba, ina mata Hausa tana ba ni amsa da Turanci. Na ce ba bana ba. Ba ta ja maganar ba. Amma a raina na riga na ƙulla abu guda: kafin sanyi ya shigo zan je ni kaɗai, ranar da ba wanda ya san ni a wurin, in zauna a kujerar nan sau ɗaya. Ban gaya wa kowa ba. Aiki ya yi ta cin kwanaki, sai da ganye ya fara zuba na samu na je.

Na tarar an zagaye filin da shinge. Rabin dogon yana ƙasa, an jera shi gunduwa-gunduwa kamar rake a bakin kasuwa, kowane yanki da lambarsa da farin alli don a san inda zai koma. Maigadi ya ce an sayar. Na tambayi ina za a kai shi, ya ce yana jin Ohio. Wani ma'aikaci ya ce a'a, Pennsylvania. Mai sayar da masara a gefe ya ce duk ƙarya suke, wurin 'yan gwangwan za a kai shi a narkar. Abin da suka haɗu a kai guda ne: taragun suna can a lulluɓe da tamfol, kuma gobe da safe tirela za ta kwashe su. Na roƙi maigadin ya bar ni in shiga minti kaɗan, ya ce aikinsa zai rasa.

Daga nan wurin aminina na nufa. Badamagare ne, yana da tebur a bakin titi yana sayar da huluna da bel da tabarau. Tun da muka haɗu a masallaci shekarun baya bai taɓa kirana da sunana ba, sai Bakano, ko bawana in yana jin tsiya. Shi ya tsaya a kan komai ranar jana'iza. Na ba shi labari a gajarce, har da maganar kujerar, wadda ban yi niyyar faɗa ba. Ya ɗauki wani tabarau yana gogewa da bakin rigarsa.

Can ya ce, “To yanzu baƙon da ya zauna shekaru a gari, ya faranta wa Hajiya rai, zai tashi ba wanda zai taka masa? Ku Kanawa kasuwa ta cinye muku tarbiyya.”

Na ce ƙarfe ne fa, Alhaji. Ya ce ko ƙarfe ne ai ya yi mana alheri, kuma in mun yi rakiya ko ba komai za mu ga hanyar da ya bi. Ya bar wa maƙwabcinsa amanar teburin. Da safe na same shi a ƙofar gidanmu cikin farar shadda da hula, da ledar kilishi da dabino da filas ɗin shayi, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ganin haka na koma sama ni ma na sa kaftani.

Mun isa ana gama ɗaure taragun a bayan wata doguwar tirela. Ta ɗaga, na bi bayanta da baƙar motata. Muka haye babbar gada muka shiga Staten Island, Alhaji yana nuna mini wajen Park Hill yana lissafa mutanen da suke fushi da shi don bai kai musu ziyara ba. Muka haye wata gadar muka faɗa New Jersey. Nan na ce ina jin rakiya ta yi, mu juya. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce a gidan wa aka koya mini cewa ɗan rakiya ke sallamar kansa? Baƙo ne ke tsayawa ya ce to a koma haka, an gode, kai kuma ka ce bari dai a ƙara kaɗan. Wannan baƙon kuwa bai ce komai ba tukuna.

Gaskiya ni ma ban so juyawa ba. Iska tana ɗaga gefen tamfol ina hango jan fenti. Na ci gaba da bi, kuma na bi da kyau, irin bin da direba ya iya. Tirelar ta canza layi in canza, ta rage gudu in rage, wata mota ta nemi shiga tsakaninmu in rufe mata. Alhaji yana zuba shayi yana ba ni labarin yadda kakanninsa suka kusa cin Kano da yaƙi, ina ce masa kusa ba ta kai ba. Gine-gine suka ƙare muka shiga gonaki da tuddai, rana ta take tsaka.

Sai tirelar ta ratse ta shiga wani wurin hutawar manyan motoci. Na faka a bayanta daf. Direban ya sauko, wani ƙaton Bature mai furfura a gemu, waya a hannu ɗaya, ƙarfen kwance taya a ɗayan. Mu kuma muka fito muna murmushi, Alhaji na gaba da ledar kilishi. A nan ne na gan mu da idon mutumin: baƙar mota ta manne masa tun daga Brooklyn, ga wasu mutum biyu cikin dogayen riguna sun fito da ƙunshi a hannu. Ya daka mana tsawa mu tsaya inda muke. Ya ce saura kaɗan ya kira 'yan sanda, kuma yana so ya ji wa ya aiko mu.

Alhaji ya shiga bayani da Turancinsa na tebur, rabi Faransanci. Ya ce rakiya muke masa. Mutumin ya ce shi bai nemi masu tsaro ba. Alhaji ya ce ba shi muke raka wa ba, kayan muke raka wa. Wannan ya ƙara ɓata lamarin, na ga ya gyara riƙon ƙarfen. Ni kuma Turancin da nake yi da fasinjoji kullum ya gudu ya bar ni. Da ƙyar na tattaro abin da ya rage.

Na ce, “Matata ce take hawansa duk shekara. Ta rasu. Ta sha cewa in zauna a kujerarta, ban zauna ba.”

Ya dube ni, ya dubi Alhaji, ya dubi ledar. Ya sa wayar a aljihu, ya jingine ƙarfen a jikin taya. Abin da ya tambaya kawai shi ne wace kujera ce. Na gaya masa. Ya hau bayan tirelar ya kwance igiya ɗaya, ya yaye tamfol daga kan taragon ƙarshe, ya miƙo mini hannu.

Na tattare kaftani na hau. Kujerar ta fi yadda nake zato ƙanƙanta, gwiwoyina suna dukan gaba. Na jawo sandar da ake riƙewa ta sauko kan cinyata. Fentinta ya goge a wuri biyu saboda hannuwan mutane, na ɗora nawa a nan. Akwai warin giris, da sauran yashin teku a ƙasan ƙafata. Manyan motoci suna wucewa a titi, iskarsu tana ɗan girgiza taragon. Na yi mata addu'a, wadda nake yi kullum, ba ƙari. Direban ya juya mana baya ya shiga duba tayoyin da ba abin da ya same su. Alhaji ma, wanda ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba, ya tsaya yana kallon gonaki.

Da na ɗaga sandar sai ya matso. “Bakano, yaya tafiyar?”

Na ce, “Lafiya lau. Ba gargada.”

“Ka ji jarumin Kano. Sai da aka ɗaure abin da igiya ya yarda ya hau.”

Direban ya mayar da tamfol ya ɗaure. Alhaji ya buɗe masa kilishi, ya gutsura, yaji ya kama shi har ya yi ƙwalla, amma ya ƙara, ya kuma karɓi dabino ya zuba a aljihun riga. Ya gaya mana sunan garin da zai sauke kayan, can yammacin Pennsylvania, wani wurin wasa na iyali a gindin tudu. Ba narkarwa za a yi ba. Za a wanke shi, a canza abin da ya ci, a yi masa koren fenti da sabon suna, in komai ya tafi daidai yara su hau shi da bazara mai zuwa. Na maimaita sunan garin har ya zauna mini.

Ya ɗauki ƙarfensa ya hau mazauninsa, sannan ya leƙo ta taga. Ya ce ya yi mini ta'aziyya, kuma don Allah mu koma gida haka, kada ya sake ganinmu a madubinsa.

Alhaji ya ce, “To, ka ji. Yanzu ne aka sallame mu.”

Na ga bakinsa yana motsi zai ce a ƙara kaɗan, na riƙe masa hannun riga. Muka tsaya a wurin har tirelar ta hau titi ta shige cikin sauran motoci, sannan muka nemi gefe muka yi azahar, na juya kan mota gabas.