Ranar da Kawu Ya Harba Ƙarfen Ɗuri

Kawuna maharbi ne, amma bakinsa ya fi bindigarsa ƙara. Duk bayan girbi, maharban ƙauyenmu da ke kusa da Gummi sukan ɗora gora a kan kututture su yi gasar harbi da bindigar toka. Shi kuwa Kawu sai ya gama kushe ɗurin kowa kafin ya fara nasa.

Wata shekara ya zuba albarushi, ya cusa tsumma, yana dannawa da ƙarfen ɗuri yana ta baki: "Ku yaran zamani mi kunka sani? Ɗuri sai da natsuwa!" Garin surutu ya mance ƙarfen a cikin bindiga. Ya auna, ya harba. Ƙarfen ya tashi kamar mashi, ya bar gorar can gefe, ya fasa tulun kunun da Inna ta kawo wa 'yan kallo. Kawu kuma bindigar ta tunkuɗe shi ya zauna daɓas.

Inna, yayarsa, ta dubi kununta yana malala a ƙasa, ta ce, "Madalla, ƙanena. Shekara talatin kana harbi, yau dai ka sami wani abu."