Baba Tam da Tayar Tsere

Rumfata ta gyaran takalmi tana jingine da shagon mai faci, bango ɗaya muka haɗa. Tun gashinmu yana baƙi muke zaune a nan, ni ina ɗinke abin da mutum ke takawa da shi, shi yana liƙe abin da mota ke takawa da shi. Yakan ce sana'armu ɗaya ce, girman ƙafa ne kawai ya bambanta.

Mutanen layin suna kiransa Baba Tam. Dalili kuwa, in ya gama sa wa taya iska sai ya dunƙule hannu ya buge ta, ya karkata kai ya saurara, sannan ya ce, "Tam!" Daga nan ya zaro guntun alli daga bayan kunnensa ya yi ɗan zane a gefen tayar, kamar sawun kaza. Duk tayar da ka gani da sawun kaza, ta bi ta hannunsa.

Mutum ne mai haƙuri da komai, ban da taya mai laushi. Wannan kam ba ya iya gani ya kau da kai. In ka jingine keke a bangonsa ka shiga shagon magani, kafin ka fito ya cika maka shi, bai tambaye ka ba, ba ya kuma jiran godiya. Ko gaisuwa muka je wani gida, sai na gan shi yana zagaya motocin baƙi yana latsa su da babban yatsa. Matarsa takan ce, "Da ana sa wa mutum iska, ai da tuni ni ma an yi mini sawun kaza a goshi."

'Ya'yansa maza duk sun guje wa sana'ar. Auta ce ta tsaya, mace. A cikin tsofaffin tayoyi ta yi rarrafe. Da ta girma ta koyi wutar mota, har ta samu aiki a wani gareji da ke shirya motoci masu gudu, irin waɗanda ake kaiwa filin tsere a bayan gari. Aikinta da kwamfuta ne, tana haɗa ta da mota tana yi mata saiti. Baba Tam ba ya gajiya da faɗa wa direbobi cewa 'yarsa tana magana da mota, motar kuma tana amsawa. Sai dai bai taɓa zama ya tambaye ta me take faɗa wa motar ba. A ganinsa, taya dai taya ce, shi kuwa ya san taya tun ba a haifi Auta ba.

Wata rana ta zo ta ce an damƙa mata mota guda, ita za ta shirya ta daga farko har ƙarshe, abin da ba a taɓa ba ta ba. In ta yi kyau, nan gaba ita ce mai kula da motar. In ta ɓaci, ta koma riƙe wa wasu wayar wuta. Ta ce tana so mu je mu gani, ni da shi.

"Amma Baba, kallo kawai za ku yi fa," in ji ta.

"To da me za mu yi? Mu shiga tseren?" Ya juyo gare ni. "Baduku, ka ji 'yarka. Tana tsoron kada ka ɗinke musu taya da zare."

Muka sa tufafinmu masu kyau muka tafi. Filin kwalta ne mai lanƙwashe-lanƙwashe, a gefe an jera rumfuna, kowace da motarta. Ta Auta ja ce, a ƙasa-ƙasa take kamar ta kwanta. Ta gabatar da mu ga mai garejin, wani mutum mai tumbi da ba ya ɗaga ido daga wayarsa, da direban, wani siriri da suke kira Guguwa. Aka ba mu kujeru a inuwa.

Ga abin da ba mu sani ba a lokacin, sai daga baya Auta ta fahimtar da ni. Mota in tana irin wannan gudu, taya tana zafi ƙwarai, iskar da ke ciki kuma tana kumbura. Saboda haka da gangan ake rage iska kafin a fara, a bar tayar da ɗan laushi, don in ta yi zafi ta cika daidai. A cikin kowace taya akwai ɗan abin da ke auna iska, ga kuma fitila a gaban direba da ke kamawa in iskar ta yi ƙasa ko ta yi yawa. Auta ta sauke iyakar ƙasa don kada fitilar ta yi ta damun direba tun taya tana da sanyi, ta kuma sa iyaka a sama yadda in iska ta wuce kima za ta kama. Ta kwana biyu tana wannan lissafi.

Aka kira direbobi da ma'aikata wajen jawabi kafin a fara. Rumfa ta zama ba kowa sai mu. Ni na tashi neman banɗaki, kuma wurin da nisa. Da na dawo na tarar da Baba Tam zaune yana goge hannu da ƙyalle, fuskarsa wasai.

"Allah ya sa na zo," ya ce da ni ƙasa-ƙasa. "Yarinyar nan aiki ya yi mata yawa."

Na ɗauka hira ce kawai. Kafin in tambaye shi, sai ga su sun dawo da gudu-gudu, an ce lokaci ya yi. Guguwa ya sa hular kwano ya faɗa mota.

Da farko abin gwanin sha'awa. Jar motar tana wucewa kamar an harba ta, Baba Tam yana bugun gwiwata yana cewa, "Ka gani? Ka ga yadda take tafiya?" Bayan 'yan zagaye sai na ga Auta ta kafa wa kwamfutarta ido, ta miƙe tsaye, tana magana da sauri a abin da ke kunnenta. Fitilar ta kama, tana gaya wa direban ya rage gudu. Shi kuwa yana gab da wuce wani, ya ce saitinta ne ke ƙarya. A babbar kwana sai bayan motar ya zame, ta juya kamar an murza ta, ta fita daga kwalta ta bugi shinge.

Allah ya kiyaye, Guguwa ya fito da ƙafarsa. Amma aka jawo motar zuwa rumfa gabanta a yage.

Mai garejin ya ajiye waya. A gaban mutanen sauran rumfuna ya hau Auta da faɗa.

"Nawa kika sa wa tayoyin nan? Kin ce kin iya! Na ba ki mota ɗaya tak, ɗaya! Tun farko an gaya mini kada in ba ki."

Ta durƙusa ta sa geji a tayar baya. Na ga ta tsaya cak. Ba gejin take kallo ba, gefen tayar take kallo. Sawun kaza ne a wurin, fari fat. Ba ta waiwayo inda muke ba. Sai ta sa tafin hannu a hankali ta goge shi, ta matsa taya ta gaba ta goge, kamar mai share ƙura.

"Kuskurena ne," ta ce. "Ban sake aunawa ba kafin ya fita."

Ina jin numfashin Baba Tam a gefena. Shi ma ya ga hannun nan nata. Na san shi shekara da shekaru, na gan shi ranar da aka binne ɗan'uwansa, amma ban taɓa ganin fuskarsa ta koma haka ba. Ya miƙe da ƙyar, ya cire hula, ya taka har gaban mai garejin, wanda a haife Baba Tam ya haife shi.

"Ranka ya daɗe, ni ne. Na ga tayoyin da laushi, na ɗauka ta manta. Na ga tiyo a rataye, na cika su." Ya zaro allin daga bayan kunne ya nuna, kamar wanda aka kama da kayan sata. "Ba ta sani ba."

Sai wani daga rumfar gefe ya ce, "Baba, ai nan ba tashar motar haya ba ce!" Aka fashe da dariya. Ni da ban taɓa tiyon ba, sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mai garejin ya dube shi, ya dubi Auta. Ga alama furfurar ce ta hana shi faɗin abin da ke bakinsa. Ya ce da ita, "Kada ki ƙara kawo mini baƙi rumfa. Kuma gaskiya kika faɗa, ba ki sake aunawa ba." Bai kore ta ba, amma ya karɓe motar ya ba wani. Ta koma riƙe wayar wuta.

Auta ta rako mu gida. Da muka sauka sai ta ce, "Baba, ku ci abinci fa." Bai iya ɗaga kai ya dube ta ba.

Ya daɗe bai dawo daidai ba. Yana buɗe shago, yana faci, amma na daina jin "Tam" ta bango. Allin ma ya daina ɗauka. In Auta ta zo gaishe su, sai ya sulale ya shigo rumfata ya zauna a kan benci yana juya tsohon takalmi. Na ce da shi, "Mai faci, kunyar 'yar cikinka kake ji?" Ya ce, "Baduku, da zagina ta yi da na samu sauƙi. Gogewar nan da ta yi ce ta hana ni barci."

Ni dai ban matsa masa ba. Na san irin wannan ciwon ba a yi masa gaggawa.

Bayan damina ta wuce, wata safiya sai ga ƙaramar motar gareji ta tsaya a ƙofar shagonsa. Auta ta sauko ta fara sauke sababbin tayoyi masu faɗi. An sake ba ta mota, ba ja ba, wata tsohuwa da ba mai so. Injin ɗaura taya na garejinsu ya lalace, in ji ta, ko da yake ni ban yarda da wannan ba.

"Baba, a ɗaura mini su a kan rim."

Ya fito daga rumfata yana jan ƙafa. Ya ɗaura su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo sa iska sai ya ɗauki tiyo ya tsaya, ya daɗe yana riƙe da shi.

"Nawa za a sa?" ya tambaye ta.

Ta faɗa masa. Na ga bakinsa ya motsa, domin a wurinsa wannan ba iska ba ce, rowa ce. Amma ya sa daidai yadda ta ce, ya miƙa mata gejin ta duba da idonta. Ta latsa tayar da babban yatsa, irin yadda yake yi.

"Ina allin?" ta ce.

"Ai ba ta yi tam ba."

"Za ta yi a can, Baba. Ku dai sa mata sawun."

Ya shiga shago, na ji yana ta bincike a cikin gwangwanin kusoshi.

Yanzu in ka jingine keke a bangonsa, za ka fito ka same shi tsaye a kansa, hannu a baya, yana jiranka. Sai ya tambaye ka ina za ka da shi kafin ya taɓa tiyo.