Malam Ashafa, Mai Kiwon Ƙuda

Ƙarfe bakwai na safe Malam Ashafa yake jingine babur ɗinsa a bayan ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu a Dutsin-Ma. Kafin ya zauna sai ya dama garin masara da ayaba, ya zuba a kwalabe, ya ciyar da ƙananan ƙudajen nan masu jan ido da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro. Shekara goma sha tara yana haka. A garinsu Dabawa, mai kiwon ƙuda ake ce masa, ana dariya.

Ni ɗalibarsa ce, yanzu ina koyarwa a Kurfi. A gabana ya sa allura biyu ya buɗe cikin macen ƙuda ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ce, "Sumayya, leƙa. Kin ga ƙwan? Ƙwayoyin halittar da suka kewaye shi magana suke da shi. Shi zai aika wa na gefe ɗaya saƙo, su mayar masa da amsa, a nan ake sanin ina kai zai fito, ina wutsiya. In saƙon ya ɓata, halitta ta karkace." Ran nan na fara son kimiyya.

Wata bazara wuta ta ɗauke kwana tara, zafi ya fara kashe ƙudajen da ɗalibai goma sha biyu ke binciken kammala karatu da su. Ya kwashe kwalaben a kwali ya kai gida, ya jera su cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randar matarsa Inno. Duk sha biyun suka gama. Ba wanda ya rubuta sunansa a shafin godiya, har da ni.

Watan jiya na kai masa ziyara wurin aiki. Ya daɗe duƙe kan madubin, sannan ya ɗago ya ce, "'Yata, faɗa mini abin da ke ciki. Hazo kawai nake gani." Likita ya ce jijiyar idon ta lalace, ba gyara. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Malam, kai ne ka ƙarar da ganinka don mu gani. Mun gode, ka yafe mana. Allah ya saka maka da Aljanna.

Masu aikin da ba a tafa musu, ku yi koyi da shi. Mu kuma da muka ci moriyarsa, hanyar Dabawa ba nisa. Mu je mu gaishe shi tun yana gane muryoyinmu.