Shuɗiyar Gorar Kawu

Jiya na ga shuɗiyar gora a kasuwa, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Masanin sinadarai ne, wayar lantarki yake tsomawa a ruwa ya gano ƙarfen da ido ba ya gani. Kullum da shuɗiyar gorar ruwansa yake zuwa gidanmu a Dutse Uku. In na kawo masa ruwan rijiyarmu mai ƙamshin randa, sai ya ce, "Bar shi, 'yata, ba na jin ƙishi."

Da ya rasu, wurin zaman makoki abokin aikinsa ya ce mini, "Ai tuntuni ya gano gubar dalma a rijiyarku. Bai gaya muku ba?"

Gidan na Kawu ne, haya muke yi. Da ruwan nan na yaye 'ya'yana.

Allah ya jiƙansa. Ni kuma Allah ya ba ni ikon yafe masa, don har yau na kasa.