Wanzamin da Ya Je Damagaram Sayen Allura

Talata: daga Gidimuni zuwa Damagaram

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga gida, zabira a kafaɗa, ƙullin dabino na tsaraba a hannu. Matata Mariyama ta rako ni bakin zaure, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam." Na ce ta kwantar da hankalinta, wannan karon da magani zan dawo. Da ƙarfi na faɗa, yadda na saba faɗa kowace shekara.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habu, wanzami ɗan wanzami. Duk jaririn da aka haifa daga bakin tafki zuwa unguwar masu rake, ni ke yi masa askin suna. Amma shekara goma sha ɗaya da aurenmu, ko ɓari ba a taɓa yi a gidana ba. In aske kan 'ya'yan mutane da safe, a ba ni goro da rabona na nama, in koma gida mu ci mu biyu, shiru. A shekarun nan ba abin da ban yi wa Mariyama ba: sassaƙe, jiƙo, rubutu, turare, sai kuma ƙaho, wanda da hannuna nake tsaga ta in kafa mata a baya da ƙugu. Ban taɓa yarda wani ya duba ta ba. Ina wanzami, me wani zai yi mata da ni ba zan iya ba?

Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da nake yi wa aski ne ya ba ni labarin tsohon majo, wato shugaban masu jinya, da ya yi ritaya a Damagaram. Ya koyi allurar Sinawa wurin likitocin Sin da ya yi aiki da su. Siraran allurai ne, ba magani a cikinsu, soka su kawai ake yi a wurare na musamman, kuma wai suna taimakon masu neman haihuwa. Ƙanwar shi malamin da ke aure a Gafati, in ji shi, an yi mata allurar ta samu ciki bayan shekara takwas. Kafin in gama askin na riga na shirya dabarata: in je in saci aikin da ido, in sayi alluran, in dawo in yi wa matata da kaina.

Motar, wata tsohuwar hiyas, ba ta cika ba sai ƙarfe shida da minti goma. Jika biyu kuɗin mota, mu goma sha tara a ciki, rake da buhunan rogo a bisa. Direban, wanda na yi wa ɗansa kaciya bara, ya hango ni ta madubi.

"Sarkin aska! Wanzaman Damagaram sun ƙare ne aka aiko maka?"

"Aska zan sayo," na ce. Ƙaryar farko ke nan.

Matar da ke kusa da ni ta miƙo mini jaririnta in riƙe ta gyara goyo, sai barci ya sace ta. Yaron ya kama ɗan yatsana ya ƙi saki. Har muka wuce Hamdara yana hannuna, ni kuwa ban tashe ta ba.

A shingen Mirriya jandarma ya karɓi katunanmu na shaida, ya sa na buɗe zabira. Da ya ga ƙahonin sai ya yi dariya, ya ce bayansa na ciwo, in da ba bakin aiki yake ba da ya kwanta nan a gefen hanya. Ƙarfe takwas da rabi muka shiga tasha. Kilomita wajen saba'in, awa biyu da minti ashirin.

Kabu-kabu ya kai ni Birni, gidan Baba Kyari, Babarbare mai sayar da turare, aminin marigayi mahaifina. "Wushe, wushe, ɗan Gidimuni!" in ji shi, ya sa aka shimfiɗa mini a ɗakin zaure, aka kawo fura. Shi ma aska na ce masa na zo saye.

Bayan azahar na nemi gidan majo, can bayan Zango. Ɗaki biyu ne da benci a inuwar bishiyar bedi. Mata shida ke zaune, ni kaɗai namiji a bencin. Ina zama suka rage murya, suka ja jikinsu ƙarshen benci. Abin da ya fara rushe mini shiri shi ne, matan ba shi ke taɓa su ba. Wata ma'aikaciya ce ke shiga da su bayan labule, ba mai leƙawa. Da layi ya zo kaina na tarar da tsoho siriri mai tabarau, yana cire wa wani mai ciwon kafaɗa allurai. Kowace kamar gashin wutsiyar doki, kowace da takardarta, ana gamawa a jefa ta cikin gwangwani. Hannunsa na da kyau, wannan kam ba zan yi masa hassada ba.

Na gabatar da kaina a matsayin abokin sana'a, na tambayi kuɗin kwali ɗaya.

"Ba na sayarwa ba ne," in ji shi. "Kai za ka ba baƙo askarka ya je ya cire wa jariri beli, don ya ga ka yi sau ɗaya?"

Gaskiyarsa, ba zan bayar ba.

"Ina matar take?"

"Tana gida."

"Shekara nawa?"

"Sha ɗaya."

"Kai fa, an taɓa auna ka?"

Wallahi sai da kunnuwana suka yi zafi. Na ce ni lafiyata ƙalau, ya je Gidimuni ya tambaya.

"Ban ce ba ka da ƙarfi ba, Malam Habu. Ƙarfi daban, iri daban. Kai ɗan manoma ne: in shuka ba ta fito ba, gona kaɗai ake tuhuma?" Ya rubuta 'yar takarda ya miƙo. "Ka kai labo, ɗakin awo na asibiti, su yi maka analiz, su auna irinka. Ba na soka wa kowa allura sai na san abin da nake nema."

Na fita ko sallama ban yi ba. Na hau duwatsun Birni na zauna har kusan magariba, ina kallon gari. Na buɗe salula, wayar hannuna, na bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, mutum sama da ɗari, duk na san sirrin gidajensu, amma ba ko guda da zan iya gaya wa nawa. Ina nan Mariyama ta kira.

"An dace, Malam?"

"Ana kan hanya," na ce, na kashe.

Laraba: tasha, labo da kasuwa

Da sassafe na sha shayi da burodi, na nufi tasha da niyyar komawa gida. Na ce a raina tsohon nan rowar sana'a yake yi, shi ya sa ya zage ni. Na zauna a benci, motar Gidimuni ta cika a gabana, direba ya yi ta ɗaga mini hannu, na yi kamar ban gani ba. Ta tashi ta bar ni. Tambayar ce ta riƙe mini ƙafa: an taɓa auna ka? Ba a taɓa ba. Ba wanda ya taɓa tunanin haka, ni ne na farkon waɗanda ba su yi ba.

Ƙarfe tara da kwata na shiga labo. Ma'aikacin ya yi mini tambayoyin da ko mahaifina bai taɓa yi mini ba, kansa a kan takarda, ya miƙo mini 'yar kwalba ya nuna mini wani ɗaki. Abin da ya biyo baya ba na rubutawa ba ne. Ban taɓa jin kunya da kaɗaici sun haɗu mini wuri ɗaya kamar a ɗakin nan ba. Aka ce in dawo gobe ƙarfe goma.

Sauran yinin na yi shi ina gantali. Na shiga kasuwar Dole na sayi aska biyu da ba na buƙata, don ƙaryata ta samu ƙafar tsayawa. Na ci kwaɗon zogale a tsaye. A garinmu ba na taku goma ba a kira ni ba. Nan na yini cur ba wanda ya ambaci sunana.

Bayan la'asar Baba Kyari ya ce tunda ga wanzami har gida, in gyara masa kai. Ina cikin askin ya ce, "Har yanzu shiru gidan naka?"

"Shiru, Baba."

"Kai dai ɗan halak ne, Habu. Haƙurin da ka yi da yarinyar nan, Allah kaɗai zai biya ka."

Wannan magana na sha jin ta, a masallaci, a wurin suna, a bakin mahaifiyata, kuma kullum daɗinta nake ji kamar an shafa mini turare. Ran nan sai da na janye askar daga kansa, don kada in yanke shi.

Alhamis: sakamako, da hanyar gida

Wani matashin likita ne ya karanta mini takardar. Bai yi kwana-kwana ba. Ƙwayoyin haihuwar da ke jikina kaɗan ne ƙwarai, masu motsi a cikinsu sun fi ƙaranci. Ya ce ƙila wata tsohuwar cuta ce ta bar haka, ƙila jijiya ce ta kumbura. Za a duba, za a sake awo bayan wata uku, kada in yanke ƙauna. Ya rubuta mini magani. Na yi godiya kamar wanda aka yi wa kyauta, na fito, na ɗauki hanyar da ba tawa ba har sai da wani mai kura ya daka mini tsawa.

Ƙarfe goma sha biyu na koma wurin majo. Bai ce "na gaya maka" ba, kuma da ya faɗa da na fi samun abin riƙewa. Ya karanta, ya ce in cire riga in kwanta.

An ce wanzami ba ya son jarfa. Ranar na tabbatar da ni ake. Ni da na tsaga bayan mutane ba adadi, na runtse ido, na damƙe gefen gado.

"Saki jikinka, sarkin aska," in ji shi. "Na riga na sa uku."

Ya sa a ƙasan cibiya, ya sa a ƙwauri, ya sa kusa da idon sawu, goma sha biyu duka. Ɗan nauyi kawai na ji, da wani ɗumi yana bin ƙafa.

"Ka ji ni da kyau," ya ce. "Ba na yi maka alkawarin ɗa. Allurar nan taimako ce. Wasu sun dace, wasu sun yi ta zuwa ba su dace ba. Ka sha maganin likita, ka bar taba, ka riƙa zuwa duk mako. Sauran na Allah ne."

Ya ja ƙofa ya bar ni minti ashirin da biyar, ni da fanka. Ba zafi ko kaɗan, kuma rashin zafin ne ya karya ni. Na san zafin aska, na san yadda ƙaho ke jan fata. Na san yadda Mariyama ke cusa bakin zane a baki don kada maƙwabta su ji. Hawaye suka bi ta gefe suka cika mini kunnuwa, ga allurai a jiki, ban isa in motsa in share ba.

Na yi wa Baba Kyari sallama, ya ba ni alkaki da turare in kai wa iyali. Ƙarfe uku da minti ashirin muka tashi. A Mirriya wani jandarman ne daban, bai ko dubi zabirata ba. Taya ta yi faci bayan Hamdara, muka yi rabin awa a gindin gawo. Kowa na tsaki, ni kaɗai nake fatan kada a gama gyaran. Ƙarfe shida da 'yan mintuna muka hango dabinan bakin tafki.

Gida

Na tarar ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma, ta ɗora ruwan zafi, yadda take yi duk ranar da zan kafa mata ƙaho. Ta karɓi kayana, ta kawo ruwa, ta durƙusa.

"Yau za a fara, Malam, ko sai ka huta?"

Na ce ta zauna. Na gaya mata komai, ban rage ba, idona a kan tabarma. Da na gama ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji ta buɗe akwati, ta fito da wata takarda da ninki ya kusa raba ta huɗu.

"Shekara shida ke nan," ta ce. "Lokacin da na je jinyar Yaya Hadiza a Mirriya. Na roƙi masu awon ciki suka duba ni. Suka ce ba su ga komai ba, in zo da maigidana."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Na gaya maka. A nan wurin kana cin tuwo. Ka ce kai wanzami ne, ba a kai ka asibiti." Ta ninke takardar. "Washegari ka kafa mini ƙaho."

Na yi ta laluben ranar a kaina. Wallahi ko tunawa ban yi ba, kuma wannan ya fi komai muni.

Na roƙe ta gafara. Ta ce ta ji. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban matsa ba. Abu ɗaya ta nema: ta ce ita ba ta buƙatar bayani, masu yaba mini haƙuri su ke buƙata.

To, na iso gida lafiya, godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Baba Kyari da masauki, na gode wa majo da ya hana ni abin da na je nema. Yau mako bakwai ina zuwa ana soka mini allura, har yanzu shiru, kuma ban san abin da Allah zai yi ba. Ba don in ba ku labarin hanyar Damagaram na rubuta wannan ba, kun fi ni sanin ta. Ku da kuka shekara goma sha ɗaya kuna rage murya in ta shigo gidan suna, kuna kiran ta juya in ta ba da baya, ku ji daga bakina: ba Mariyama ba ce. Ni ne.